Ban Haƙurin Da Ba A Aike Ni Ba

Litinin, 8 ga Satumba, 2025

Malama Loretta, mai koya mana karatu, ta ce hannun da ya koyi rubutu da girma kamar ƙofar langa-langa yake, in aka bar shi kwana uku sai ya yi tsatsa. To ga shi ina rubutawa. Shekarata hamsin da biyu, uku daga ciki ne kawai na san baƙi, a ajin manya na Tudun Murtala.

Yau yarinyar ta tafi Legas da safe. Ita ce 'yar farina, kuma a Ringim inda aka haife ni uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Ko a takarda hannuna ba ya yarda. Malam, babanta, tun da ta samu aikin cikin jirgi yake ce mata 'Yar Sama, ni ma shi zan riƙa rubutawa.

Ina kicin ɗin Hajiya, uwar gidan da nake yi wa girki, ina yanka albasa, kunnena yana sama. Duk jirgin da ya wuce ta kan mangwarorin nan sai na ajiye wuƙa. Yau bakwai na ƙirga. Hajiya ta ce in ban daina ba wata rana yatsana zan yanka mata a miya.

Da ma koyarwa ta kama. Ko asibiti. Wani aiki dai na ƙasa.

Talata, 9 ga Satumba

Ba ta da tashi yau. Bayan la'asar muna zaune a ƙofar ɗaki, na tambaye ta abin da na daɗe ina so in tambaya: idan wani ya tayar da rigima a can sama, ina za ku gudu? Ta yi dariya ta ce, "Umma, ai ba ƙofar fita, shi ya sa ake koya mana."

Sai ta zaunar da babanta a kujerar roba ta ce shi ne fasinja, ya yi masifa. Malam da ko kaza ba ya yi wa tsawa! Shekara ashirin da shida yana tuƙa mai gidan nan ba a taɓa jin muryarsa daga get ba. Ya murtuke fuska ya ce, "Ke, ina abincina?" Muka fashe da dariya har shi.

Ta tsuguna a gefensa, idonta daidai nasa. Ta ce ba a tsaya wa mai fushi a ka. Ba a nuna shi da yatsa, ba a taɓa shi. In ya ɗaga murya, ke ki sauke taki har sai ya yi shiru don ya ji me kike cewa. Ki ce, "Na ji ka, ranka ya daɗe," sannan ki faɗi abin da dole ya yi, ki kuma maimaita. In fuskarki ce ta tsone masa ido, ki ja baya wata ta zo. In ya ƙi, a gaya wa matuƙi ta waya, a ba shi takardar gargaɗi. Har ankwa ta roba suna da ita a ɓoye, amma ta ce shekararta biyu ba ta taɓa ganin an fito da ita ba.

Na ƙarshe, ta ce, a rubuta. Ƙarfe nawa, kujera ta nawa, me ya ce da bakinsa, ba ƙari ba ragi. "Kamar littafinki, Umma."

Na ji daɗin wannan, ban nuna ba.

Alhamis, 11 ga Satumba

Ta dawo da bandeji a wuyan hannun dama. Ta ce shayi ne. Ba ta ci tuwo ba.

Juma'a, 12 ga Satumba

Clara ce ta ba ni labarin. Ita ce shugabarsu a cikin jirgi, 'yar Wusasa, tana zuwa nan cin dambu. Ta zo duba hannun, na tsare ta a bakin famfo.

Jirgin dawowa daga Legas ya yi jinkirin awa uku, kowa ya shiga da fushi. Wani Alhaji a kujerun gaba ya ƙi kashe waya alhali za a tashi. Yarinyar ta tsuguna ta roƙe shi sau uku, sai da Clara ta zo ya kashe. Yana kallon sunan da ke ƙirjinta sai ya gane ta. Alhaji Ƙasimu ne, mai gidan can mai koren get, layi uku daga nan. Malam ya sha kai mai gida ɗaurin aure gidansa.

Da aka fara rabon shayi ta miƙa masa, ya ce ba zai sha daga hannun 'yar direba ba. Ya ce ubanta ma ba ya haɗa ido da shi. Ya ce abin da ba zan rubuta ba. Sannan ya sa bayan hannu ya buge kofin, shayin ya zube mata a hannu.

Clara ta ce yarinyar ba ta yi ko tari ba. Ta ce masa, "Na ji ka, ranka ya daɗe," ta miƙe. Clara ta tura ta can baya ta sa hannun a ruwan sanyi, ta canza wa tsohuwar da ke kusa da shi kujera, ta kira matuƙi. Aka karanta masa takardar gargaɗi, ya yaga. Suna sauka jami'an tsaro suka tare shi a bakin matakala. Ko awa ɗaya bai yi a wurinsu ba.

Na ce tsohuwar fa, ai ta gani? Clara ta ce tun da jirgi ya tashi idonta a rufe yake tana jan carbi, ba ta buɗe ba sai da aka taɓa ta. Allah sarki. Ni ma da haka zan yi.

Yarinyar da hannun hagu ta rubuta rahotonta, a tsaye, kafin su sauka.

Da daddare na shafa mata zuma duk da ta ce likita ya hana. Ta bar ni.

Litinin, 15 ga Satumba

An ce ta zauna a gida sai an gama bincike. Alhaji ya rubuta wa kamfaninsu cewa ita ta zage shi a gaban jama'a, ita ta zubar da shayin da gangancinta har ya ɓata masa riga, shi bai taɓa komai ba. Yana so a kore ta.

Ta rataye yunifom a bayan ƙofa ta zauna tana kallonsa. Shekara biyu ina roƙon Allah ya sauko min da ita ƙasa. Ga ta a ƙasa. Ban san haka zai yi ciwo ba.

Hajiya ta ce, "Mairo, babba ba ya laifi. Da ni ce da na je na ba shi haƙuri, magana ta mutu." Malam ya ce in bar masu aiki su yi aikinsu. Malam komai a bari.

Laraba, 17 ga Satumba

Na je. Ban gaya wa kowa ba.

Na yi alkaki da nakiya na zuba a sabuwar samira, na yafa mayafin salla. Ƙarfe biyar saura kwata na isa koren get. Mai gadin ɗan wajenmu ne, ya gane harshena, ya shigar da ni. Alhaji yana baranda da baƙi biyu, ga wani ɗansa a gefe yana danna waya.

Na cire takalmi tun daga nesa na durƙusa. Na ce ni ce uwar yarinyar jirgi, na zo ban haƙuri, ɗa na kowa ne, in ta yi kuskure a yafe mata. Haka uwata ta yi lokacin da akuyarmu ta shiga gonar mai unguwa, alhali shingensa ne ya faɗi. Haka aka koya mana. Ƙasa ba ta faɗa da sama.

Ya bar ni a durƙushe ya gama maganarsa da baƙi. Sannan ya ce, "Kun gani? Uwar ta fi 'yar hankali." Ya yi ta faɗa a kan yaran zamani. Can ya ce, "Kofin ma da na buge, ai ban san da zafi haka ba. Amma ita ta ja." Ɗaya daga baƙin ya ce haka ne, Alhaji. Ya ce in tafi, zai duba.

Samirar ko kallonta bai yi ba. Na dawo gwiwata tana ciwo amma zuciyata ta yi sanyi. Na yi abin da uwa take yi.

Alhamis, 18 ga Satumba

Ta tambaye ni ina sabuwar samira. Na ce aro aka yi.

Litinin, 22 ga Satumba

Ya Allah.

An kira ta daga ofis. Lauyan Alhaji ya aika musu hoto: ni, a durƙushe, ga samira a gabana. Ɗan nan mai danna waya ne ya ɗauka. Sun rubuta cewa yarinyar ce ta aiko uwarta ta amsa laifi, don haka rahoton da ta rubuta ƙarya ne. Kuma a aikinsu wanda aka kama da ƙarya a rahoto ya gama. Ba wannan kamfani kaɗai ba, ko'ina.

Ina wanke shinkafa ta zo ta same ni. Na jira tsawa. Da ta yi min tsawa da na samu sauƙi. Sai ta tsuguna a gabana, idonta daidai nawa, ta sauke murya ƙasa ƙasa. Ta ce, "Umma, gaya min abin da ya faru." Na fara kare kaina, na ce don ke na yi, na ce ku yaran yanzu ba ku san yadda ake zama da manya ba, har muryata ta hau. Ta ce, "Na ji ki, Umma."

Nan na gane. Yadda take yi wa masu rigima a jirgi take yi min. Ni ce fasinjar.

Na ce kar ki yi min aikinki a gidana. Sai ta ce, "To yaya zan yi, Umma? In na bar shi zan yi kuka." Ta yi kuwa. Ta kifa kai a cinyata da jiƙaƙƙen zanena, rabon da ta yi haka tun tana firamare. Shinkafar Hajiya ta jiƙe ta yi laushi, na dafa ta haka.

Ta ce tsugunon da take yi wa fasinja ba ban haƙuri ba ne. Tana saukowa ne don ya ji ta, amma maganar ba ta canzawa. Ni kuwa da na durƙusa, maganar na bayar gaba ɗaya.

Malam bai ce ai na gaya miki ba. Ya dai kawo min ruwan alwala da kansa.

Laraba, 24 ga Satumba

Clara ta zo. Ranar Litinin za a zauna, har da Alhaji da lauyansa. Ta ce ana bukatar bayanina cewa ba wanda ya aike ni. Za ta rubuta da Turanci in dangwala. Na ce na daina dangwale tun shekara uku, da hannuna zan rubuta, da Hausa, wanda bai iya ba ya nemi mai karanta masa. Ta ce, "Kai, Mama ta waye!"

Ta tambaye ni ranar da na je da lokacin. Na ce bari in duba. Na ɗauko littafin nan ina karanta mata a hankali da yatsa, har na zo kan maganar kofi. Ta riƙe min hannu. "Mama, sake karanta wannan." Na sake. Ta kalli yarinyar, yarinyar ta kalle ta. Clara ta ce Yesu, ta rufe baki.

Ni wallahi ban lura ba. Na rubuta ne kawai don ya faɗa. Ashe a takardarsa cewa ya yi bai taɓa kofin ba.

Sai wata matsalar. Na fara da "Ni Mairo, uwar 'Yar Sama," Clara ta ce ofis ba su san wata 'Yar Sama ba, sai sunan yanka. Na ce su bar ni ni kaɗai.

Na zauna da biro har aka kira magariba. Shekara ashirin da biyar. Ranar suna ma da liman ya faɗa, kaina a ƙasa yake, ƙannen Malam suna ta tsokanata. Ni na zaɓe shi kuwa, a ɓoye na gaya wa Malam, ba wanda ya sani.

Na rubuta. Harafi bakwai ne. Bai yi wuya ba, kyau ma ya yi.

Asabar, 27 ga Satumba

Na kai wa Malama Loretta ta duba. Ta gyara min wuri biyu, ta ce sauran kar a taɓa. Ina ta karantawa a kicin da ƙarfi, har mai ban ruwan fulawa ya haddace.

Litinin, 29 ga Satumba

Ofishin yana kusa da filin jirgi. Sanyin ɗakin ya shiga min ƙashi. Mutum uku na kamfani a bayan tebur, mace ɗaya a tsakiya. Alhaji ya zo da lauya da ƙamshin turare. Da na gan shi saura kaɗan in durƙusa, sai da na riƙe kujera.

Aka ce in karanta. Na tashi. Layin farko na tsaya, don sunan yana nan yana jirana. Na faɗe shi. Ban kalle ta ba, amma na ji ta ja numfashi.

Na karanta cewa ba ta aike ni ba, ba ta ma sani ba, ƙarya na yi mata a kan samira. Na karanta rana da lokaci. Da na zo kan kofi Alhaji ya buga tebur. Ya ce wace ce wannan, kukun gidan wane ce za ta yi masa sharri, matar da jiya-jiya take durƙushe a barandarsa? Muryarsa ta cika ɗakin. Na tuna a nan ma ba ƙofar gudu.

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Na ji bakina ya ce, ƙasa ƙasa, "Na ji ka, ranka ya daɗe. Saura layi uku."

Ya yi shiru, ina jin don mamaki ne. Na sake karanta maganar kofin daga farko, na ƙarasa.

Matar tsakiya ta karɓi littafin nan ta duba shafin, ta duba na gabansa da na bayansa. Na ji kunya, akwai maganar shinkafa a ciki. Ta tambayi Alhaji sunayen baƙin nan biyu, ko za su zo su rantse bai faɗa ba. Lauya ya raɗa masa magana a kunne. Alhaji ya ce shi ba shi da lokacin wannan, ya tattara riga ya fita.

A Adaidaita Sahu muka dawo. Ta riƙe gefen mayafina har gida, kamar za a sace ni a kasuwa.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Sun kira. Za ta koma aiki Litinin. Shi kuma sun ce ba zai ƙara hawa jirginsu ba har shekara guda.

Mai gadinsa ya dawo min da samira, a wanke. Ya ce su suka cinye alkakin a get, ya yi daɗi.

Asabar, 4 ga Oktoba

Hajiya ta ce na yi ƙarfin hali, amma kar in saba. Na ce to.

Litinin, 6 ga Oktoba

Na tashi kafin asuba na goge mata yunifom. Ba don komai ba, ita ba ta iya kama kalmasar hannun riga ba, kullum sai ta yi biyu. Ƙunar ta warke, saura tabo kamar ganyen zogale. Na ce ta sa agogo a kai, ta ce a'a.

Har yanzu ina ganin koyarwa ta fi. Na gaya mata ma a get. Ta ce ta ji ni. Na ce ke, kar ki fara.

Aiki ya yi yawa yau, Hajiya tana da baƙi daga Katsina, waina kwano huɗu. Sai da Malam ya leƙo kicin ya ce jirgi nawa yau, na ga ban ƙirga ba. Ƙarar injin markaɗe ce ta hana ni ji, ba wani abu ba.

Ƙarfe huɗu da minti goma Raudatu ta kira ta ce sun sauka. Ta ce wani ya yi musu rigima a kan jaka, ta tsuguna, ya haƙura. Na ce madalla, ki taho da burodin Legas in kin samo.

Na duba abin da na rubuta a sama. Biro ne ya yi gaba. Ba zan goge ba, shafin zai yi datti.